Ganuwa Uku, Gari Uku: Gardamar Yaƙin Manga a Anka, Bukkuyum da Gummi

Tun kafin mu sauke jakunkunanmu a Anka muka ji gardamar. Wani ƙaramin shagon cajin waya ne, da faifan sola biyu a kan rufin kwano, ga wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta. A bakin shagon samari shida sun haɗa kai a kan waya ɗaya, muryoyinsu na tashi kamar ana cinikin sa ranar kasuwa. Mun zaci ƙwallo ce. Da muka matsa sai muka ji ɗaya yana rantsuwa cewa wane bai kyauta ba da ya bar kwamanda ya mutu. Gabanmu ya faɗi, domin a wannan yanki idan aka haɗa kwamanda da mutuwa ba wasa ake yi ba. Wani yaro ya lura da fuskokinmu, ya tuntsire da dariya ya ce, “Malam, ku kwantar da hankalinku. Kwamandan cikin zane na.”

Abin da ya fito da mu daga Gusau ke nan. Mun daɗe muna samun saƙonnin ɗalibai suna tambayar me ya hana wannan fili magana a kan manga, alhali ita ce hirar bayan aji. Abin da ya ja hankalinmu shi ne wasu daga cikin saƙonnin daga yammacin Zamfara suke zuwa, yankin da ya san ƙarar bindiga ba a fim ba. Sai muka tambayi kanmu: yaron da ya taɓa kwana a daji don gudun hari, me yake nema a labarin yaƙi na zane? Mu biyu muka tashi, namiji da mace, lokacin hutun makaranta, muka shiga motar haya muka bi ta mararrabar Mayanchi. Ba mu yi sammako ba, ba mu kuma yi tafiyar yamma ba, kamar yadda direbobin hanyar suka ba mu shawara. Kwana uku muka yi, kowane gari kwana ɗaya. Wanda bai kai ƙarshen labarin ba ya yi mana afuwa, domin za mu fasa ƙwai.

Wane labari ne wannan?

Manga shi ne sunan da mutanen Japan ke kiran littattafansu na labari cikin zane. Yawanci baƙi da fari ne, kuma daga dama ake karantawa zuwa hagu, abin da ba ya ba ɗan makarantar allo wahala, tun da haka ya saba da ajami. Idan aka mayar da labarin hoto mai motsi sai a kira shi anime. Ana fitar da manga babi-babi a mujalla, wata mako-mako, wata kuma wata-wata. Masu bin ta sukan raba labarin zango-zango kamar tafiyar fatake, kuma kusan kowane zango da babban yaƙin da ke rufe shi. A kan waɗannan yaƙe-yaƙe ake yawan gardama.

Wanda kowa ya sani a garuruwan nan uku shi ne Naruto, na Masashi Kishimoto, wanda ya fito daga 1999 zuwa 2014 cikin babi 700. Amma da muka tambayi yaƙinsa na ƙarshe, sai samarin suka yi tsaki. Sun ce ya yi tsawo kamar daren mai ciwon haƙori, kuma matattu sun yi ta dawowa har mutuwa ta rasa nauyinta. Labarin da ke tayar musu da jijiyar wuya shi ne Attack on Titan. Hajime Isayama ya zana shi, kamfanin Kodansha ya buga daga Satumba 2009 zuwa Afrilu 2021, babi 139 cikin kundi 34. Na hoto mai motsi ya fara a 2013, ya ƙare a Nuwamba 2023.

Ga labarin a taƙaice. Mutane sun ɓuya a bayan ganuwa uku, ɗaya a cikin ɗaya, kowace tsayinta mita 50, saboda wasu ƙatti masu cin mutane. Yaran da muka haɗu da su Samudawa suke kiran ƙattin. An yi shekara ɗari ana zaune lafiya, har aka fara mantawa da haɗarin. Rana ɗaya aka fasa ƙofar ganuwar waje. Wani yaro ɗan shekara 10 mai suna Eren ya ga an cinye mahaifiyarsa a kan idonsa, ya yi alwashin sai ya ga bayan Samudawa duka.

Ba a sayar da waɗannan littattafai a kasuwannin da muka zaga. A waya suke zuwa. Mai shago ya sauke daga intanet, ya tura wa mai so a memori, shi kuma ya raba wa abokai ta Xender. Maganar da Japananci ake yi, fassarar Turanci na gudu a ƙasa, don haka kowace majalisa tana da tafintanta, wanda yake mayar wa saura da Hausa kamar finafinan Indiya da ake juyawa. Wani saurayi ya tuna mana da Satumba 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka rufe makarantu da kasuwannin mako. Ya ce a makonnin nan duk mai memori cike da anime ya zama sarki a unguwa.

Anka: ranar da ganuwa ta faɗi

Anka ba baƙuwar labarin faɗuwar birni ba ce. Nan ce fadar Sarkin Zamfara, amma ba nan sarautar ta fara ba. Masana tarihi sun nuna cewa Gobirawa sun shigo ƙasar Zamfara a matsayin baƙi, aka ba su wurin zama. Wajen shekarun 1760, a zamanin Sarkin Gobir Babari, suka ci Birnin Zamfara da yaƙi, Alƙalawa ta zama hedikwatarsu. Daga nan sarakunan Zamfara suka yi ta sauya mazauni, har a ƙarni na 19 sarautar ta zauna a Anka. Da muka ba samarin bakin shago wannan tarihi, ɗaya ya buga cinya ya ce ai haka aka yi a labarinsu, waɗanda suka fasa ganuwa sun shigo sun zauna cikin jama’a ana ci ana sha tare. Muka tuna masa cewa tarihin bai tsaya nan ba. Yau jikokin Gobirawa da na Zamfarawa kasuwa ɗaya suke ci, sahu ɗaya suke bi, suna auren juna. Ya yi shiru, kamar wannan ɓangaren bai taɓa zo masa a rai ba.

Samarin nan faɗa suke so, ba su ɓoye ba. Sun kwatanta mana yadda sojojin labarin ke shawagi da igiyoyin ƙarfe tsakanin gine-gine suna saran ƙeyar ƙato, har wani ya tashi yana gwadawa ya kusa ture tukunyar mai shayi. Gwaninsu shi ne Levi, gajeren soja marar fara’a wanda takobinsa ba ya kuskure. Muka tambaye su me ke musu daɗi a ciki. Tafintan majalisar ya ce a can idan dodo ya zo ana ganinsa, an san inda za a sare shi, kuma akwai wanda zai zo ya sare shi. Bai ƙara komai ba, mu ma ba mu matsa masa ba.

Da yamma abokiyar tafiyarmu ta samu shiga wani darasin hutu da wata malama ke yi wa ’yan mata a zauren gidansu. A can hirar ta sha bamban. Wata ɗaliba ’yar aji biyar ta ce ita ba faɗan ya tsaya mata a rai ba, kashi na biyu na anime ne, inda waɗanda suka tsira suka yi layin karɓar burodi, wasu sojojin cikin gari na gunaguni cewa baƙi za su cinye musu abinci. Ta ce, “Anti, ranar da munka baro garinmu haka munka yi layi. Kuma haka anka dube mu.”

Duk wanda ya san Anka ya san abin da take nufi. Shekara da shekaru garin yana karɓar mutanen ƙauyukan da hari ya tasa. Har ginin sabuwar fadar sarki da ba a kammala ba ya zama matsugunin ’yan gudun hijira, kuma a baya ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana kula da yara a babban asibitin garin. A labarin Isayama, da abinci ya yi ƙaranci, hukuma ta tura ’yan gudun hijira 250,000 wai su ƙwato ƙasar da aka rasa, waɗanda suka dawo ba su kai 200 ba. Masu kallo da yawa a duniya sukan wuce wannan wuri da sauri don su isa babban faɗa na gaba. ’Yan matan zauren nan a kansa suka tsaya. Ɗaya ta ce ta tsayar da wayar a nan, sai bayan kwana biyu ta iya ci gaba.

Bukkuyum: wa ya ƙirga mahaya?

Washegari da hantsi muka kama hanyar yamma. Gefen titi gonakin dawa da gero ne, wasu an girbe, wasu ciyawa ta cinye su domin masu su ba su iya zuwa ba. Muna wuce shingayen jami’an tsaro, fasinjoji na yin shiru idan an shiga inda daji ya yi duhu, hira ta dawo idan an hango rufin kwano. Muka ratse zuwa Bukkuyum, garin Sarkin Danko, muka sauka kafin azahar.

Gardamar da muka baro a Anka ita muka tarar a ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya kusa da filin ƙwallo. Ga abin da ake gardama a kai. A zangon da sojoji suka koma don ƙwato garin su Eren, wani ƙato mai siffar biri ya tsare su yana jifansu da duwatsu kamar ruwan sama. Kwamanda Erwin ya ga ba mafita. Sai ya tara sababbin sojoji, yara masu ƙananan shekaru, ya ja su a kan dawaki suka nufi ƙaton kai tsaye, yana sane cewa mutuwa za su yi, don kawai hankalin ƙaton ya ɗauku Levi ya zagayo ta gefe. Bayan ƙura ta lafa, aka samu mutum biyu suna gargara: Erwin da wani yaro mai kaifin basira, Armin. Allurar ceto ɗaya ce. Levi ya zaɓi yaron. Daga rundunar da ta fita, mutum tara suka koma gida.

Wannan yana cikin zangunan da masoya labarin suka fi yabo a duniya, kuma har yau ba a gama musu a kan zaɓin Levi ba. A Bukkuyum ma kashi biyu muka tarar. Masu goyon bayan Erwin suka ce gari ba ya tsira ba tare da gogaggen shugaba ba, kuma shi da kansa ya shiga gaba, bai tura yara ya koma inuwa ba. Masu goyon bayan Armin suka ce dattijo ya ci zamaninsa, gobe ta yaro ce. Kowa na da hujja, kowa na yanke wa ɗan’uwansa magana.

Akwai wani yaro da ke zaune a kan tushen bishiyar yana sauraro, bai ce uffan ba sai da muka tambaye shi. Ya ce shi bai damu da wanda aka yi wa allura ba. Ya ce su gaya masa sunayen mahayan da suka bi Erwin. Aka ambaci Marlo, wanda ya mutu, da Floch, wanda ya tsira. Aka tsaya nan. Ya ce, “To sauran fa? Kowane da uwa tai.” Daga baya abokansa suka gaya mana yayansa na cikin masu tsaron gari, kuma duk daren da ya fita mahaifiyarsu ba ta runtsawa. A Janairu 2024 ne gwamnatin jiha ta ƙaddamar da rundunar Askarawan Zamfara, kuma matasa irin yayan nan ne suka cika ta.

Tambayarsa ta tuna mana da makon farko na Janairu 2022, lokacin da ’yan bindiga suka afka wa ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai kusan 200. A cikin zane, mai labari ya san adadin matattunsa daidai. A nan har adadin sai da aka yi saɓani a kansa, balle sunaye. Yaron da ya girma yana jin irin wannan, ba mamaki idan ya ga dawaki na faɗuwa a allon waya ya fara ƙirga mahaya.

Wani malamin kimiyya da ya zo wucewa ya tsaya ya saurare mu, sannan ya ce wa yaran akwai yaƙin da aka yi a ƙasarsu wanda ba za a taɓa zana shi ba, domin ba takobi a ciki. Yana nufin gubar dalma ta 2010. A ƙauyuka irin su ’Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, da Dareta, Abare da Bagega a Anka, ana daka duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar na ɗauke da dalma, yara na shaƙa suna kai hannu baki. Aƙalla yara 400 suka rasu. Yadda aka shawo kan abin shi ne aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida da shebur, ana kwashewa, ana zuba mai tsabta, likitoci na ba yara maganin da ke fitar da gubar. Aikin Bagega sai a 2013 aka yi shi. Malamin ya dubi samarin ya ce waɗanda aka ceto a lokacin sa’o’insu ne, wataƙila ma wani na zaune a nan. Ya ce mai shebur ɗin nan bai san shawagi a sama ba, amma ya fi Levi ceton rai. Aka yi dariya, sai dai ba wanda ya musa.

Gummi: da aka juya madubi

A rana ta uku muka bi ta Daki Takwas muka shiga Gummi, garin Sarkin Mafara. Bayan kwana biyu cikin ƙura, ganin gulbi ya sanyaya mana rai. Ga fadamu, ga masu kwale-kwale na ɗaukar manoma zuwa ƙetare, ga tulin ƙorai da ludaya a gefen kasuwa. Gulbin nan shi ne arzikin garin, shi ne kuma jarrabawarsa. A Agusta 2024 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa, a Satumba kuma kwale-kwale ya kife da manoma, aka yi asarar rayuka da dama. Har yanzu ana ganin sabon gini kusa da tsohon bango da ruwa ya ci.

A bakin gulbin muka zauna da wasu ɗalibai ’yan ajin ƙarshe. Su zangon da ya raba kansu shi ne wanda ya fara daga babi na 91. A nan Isayama ya yi abin da ya rikita masu karatu a ko’ina. Ya bar su Eren, ya tsallaka teku ya kai mu ƙasar abokan gaba, Marley. Ashe ba mutanen cikin ganuwa kaɗai suka rage a duniya ba. Ashe waɗanda suka fasa ganuwar yara ne aka horar, aka cusa musu cewa mutanen tsibirin shaiɗanu ne. Muka haɗu da Gabi, yarinya ’yar shekara 12, mai zafin zuciya. Sai ga Eren, wanda yanzu ya girma ya samu ƙarfin Samudawa, ya afka wa garinsu ana tsakiyar taro, ya kashe sojoji da fararen hula, ƙawayen Gabi da abokanta na cikin waɗanda suka mutu a hargitsin. Gabi ta ɗauki bindiga ta bi maharan, ta harbe Sasha, sojar da masu kallo ke ƙauna saboda barkwancinta da son abinci.

Masoya labarin da yawa a duniya sun tsani Gabi saboda wannan harbi, sun yi ta zaginta a Facebook da sauran wurare. A bakin gulbin Gummi ma akwai masu wannan ra’ayi. Amma wata ɗaliba da ta zo tare da yayanta ta ce a duba da kyau: an fasa garin Eren yana yaro, ya rantse zai rama, muka tafa masa. An fasa garin Gabi tana yarinya, ta rantse za ta rama, muka zage ta. Ta ce bambancinsu ɗaya ne, mun riga sanin Eren.

Nan hira ta bar Japan ta dawo gida. Wani saurayi da aka taɓa sace kawunsa ya ce shi da zai samu ƙarfin Eren, da ba zai bar kowa a daji ba, babba da yaro. Ya faɗa da zafi, kuma ba mu ga wanda ya isa ya ce zafinsa ƙarya ne ba. Sai dai kusa da shi akwai abokinsa, ɗan Fulani, wanda suke benci ɗaya tun aji ɗaya. Yaron ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Can ya ɗago ya ce, “Har da inna ta? Mu shanunmu anka fara korewa. Kuma in na shiga kasuwa, ni aka kallo.” Mai maganar farko ya buɗe baki ya rufe. Ya ce ba shi yake nufi ba. Abokin ya ce ya sani, amma wanda zai zo ramuwa ba ya tambayar suna.

Ba mu je Gummi don wanke mai laifi ba. Wanda ya kashe, ya sace, ya ƙona gari, hukunci ya dace da shi, kuma hakkin hukuma ne ta kare mutane ta kuma hukunta shi. Amma Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, ba bakin danginsa ko na masu yarensa ba. Yankin nan ya ga yadda hari ke haifar da ramuwa, ramuwa ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, ɗan wanda aka zalunta ya tashi da nasa alwashin. Ɗalibar nan ta ce wurin da ya fi burge ta a labarin duka ba faɗa ba ne. Wurin da aka miƙa wa mahaifin Sasha wuƙa ne, ga Gabi a gabansa, an gaya masa ita ta kashe masa ’ya. Tsohon maharbi ne, ya san aikin wuƙa. Ya karɓa, ya ƙi amfani da ita, domin a ganinsa nauyin manya ne su hana yara gadon gabar da ba su suka fara ba. Daga baya Gabin nan ce ta ceci ran wata yarinya da ta tashi a gidansa.

Ƙarshen labarin ya raba kan masoya a duniya fiye da kowane zango. Eren ya saki Samudawan da ke cikin ganuwa suka tattake duniya, mutum 80 cikin 100 suka hallaka, abokansa na ƙuruciya suka haɗa kai da tsofaffin maƙiyansu suka tsayar da shi. Da babin ƙarshe ya fito a Afrilu 2021, wasu sun fusata don an kayar da gwaninsu, wasu sun ce an sassauta masa. A kundi na 34 Isayama ya ƙara wasu shafuka da ke nuna cewa bayan zamani mai tsawo yaƙi ya sake dawowa ya rushe garin. Muka tambayi ɗaliban Gummi ko wannan ya ɓata musu rai. Saurayin da ya yi maganar ramuwa shi ya amsa. Ya ce da farko ya ji haushi, amma yanzu yana ganin gaskiya aka faɗa, domin an kashe mutane ba a kashe dalilin faɗan ba.

Abin da muka dawo da shi

Mun tafi da zaton za mu tarar da yara masu gudun gaskiya suna ɓuya a cikin zane. Abin da muka tarar ya fi haka. Suna jin daɗin faɗan kamar kowane matashi a Kano ko Tokyo, suna ihu idan gwaninsu ya yi nasara. Amma suna ganin abin da mai kallo daga nesa ke tsallakewa: layin burodi, mahayin da ba a faɗi sunansa ba, da yarinyar da ke ɗaya gefen. Akwai maganganun da ba sa iya yi a gida ko a aji, amma idan aka sa musu sunan Eren da Gabi sai bakinsu ya buɗe. Abokan nan biyu na bakin gulbi shekara shida suna zama tare, kuma sun ce ba su taɓa yin wannan magana ba sai ranar.

Don haka, ’yan’uwa ɗalibai, idan kun zo zangon yaƙi a kowane labari, bayan kun gama tafi, ku tambayi kanku wa ya biya kuɗin wannan nasara, kuma da a ɗaya gefen aka haife ku yaya labarin zai kasance. Irin wannan tambaya ce malamin adabi ke nema a jarrabawar WAEC da NECO, kuma ita rayuwa za ta yi muku. Ku kuma tuna cewa labarin nan akwai jini da tashin hankali sosai, bai dace a kunna shi gaban ƙanne ba, kuma bai kamata ya ci lokacin salla, karatu ko aiken iyaye ba.

Kafin mu shiga mota, yaron nan mai zane da tsinke ya ciro wani tsohon littafin lissafi daga aljihu. Bayan shafukan cike suke da zanen biro: gari mai ganuwa, mahaya da rawani, da wata yarinya mai tallar nono da ke kai saƙo tsakanin gari da ruga. Ya ce kunya yake ji, zanen bai yi kyau ba. Muka gaya masa Isayama ma a wani ƙaramin gari mai suna Oyama ya tashi, wanda duwatsu suka kewaye, kuma da ya kai gwajin farko na labarinsa wata babbar mujalla ba ta karɓa ba, har bayan ya fara fitowa ana cewa zanensa bai nuna ba. Yau mutum-mutumin Eren da abokansa biyu na tsaye a gindin madatsar ruwan garinsu. Abokinsa ya karɓi littafin ya duba, ya ce shi zai riƙa rubuta maganganun, tun da ya fi shi iya rubutu.

Idan kai ma kana da irin wannan littafi a ƙarƙashin katifa, ko ke kina da shi a cikin jakar Islamiyya, ku aiko mana da hoton shafi ɗaya tare da sunan makarantarku. Za mu buga waɗanda suka fi a wannan fili. Allah Ya zaunar da Anka, Bukkuyum, Gummi da ƙasarmu baki ɗaya lafiya.